Ranar da Gawar Babanku Ta Rasa Mai Shaida

Na ji abin da kuke faɗa a bayan idona, kada ku ɗauka tsufa ya toshe mini kunne. Wai ni na tona wa babanku asiri a bainar jama'a. Wai da na kama bakina na rabin yini, da an rufe shi cikin mutunci, da ba a tashe mu daga Ƙofar Kwaya ba. Kai kuma Babangida, ɗan farina da ba na faɗin sunanka, kai ka fi kowa iya zancen: “Ai ƙasa ɗaya ce, Mama, duk inda aka sa mutum ƙasa ce.” To madalla da wannan ilimi. Tunda ba ko ɗayanku da yake wurin ranar, sai ku zauna ku karanta daga bakin wadda take wurin. In kun ga rubutun ya karkace, ba tsufa ba ne, haushi ne.

Ni da babanku 'yan ƙauye ɗaya ne a kudancin Katsina, can wajen Malumfashi. Hausawa ne mu gaba da baya, kuma iyayenmu masu bin Yesu ne tun kafin a haife mu. A rafi ɗaya aka yi mana baftisma, shi da samari, ni da 'yan mata. Da ya ƙware a gyaran keken ɗinki, sai ya ce a birni teloli suke, mu tafi birni. Ba zan zalunce shi ba, tsoronsa yana da tushe. Gidaje biyu ya nemi haya ya faɗi ko shi wane ne, aka ce ɗakin an riga an bayar. A gida na uku, gidan Alhaji Lawal mai hatsi a Ƙofar Kwaya, ba wanda ya tambaye shi komai. An ji sunansa Haruna, an ga hula da 'yar shara, an ji Hausa ras, sai aka miƙo masa makulli. A cikin motar da ta kwaso kayanmu ya karkato ya yi mini magana a kunne.

“Ladi, birni ba ƙauye ba ne. Ba ƙarya za mu yi ba, shiru kawai za mu yi.”

Na ce, “Shirun har yaushe?”

Ya ce, “Har mu zauna da gindinmu.”

Mun zauna da gindinmu, har gindin ya yi kanta, shirun bai ƙare ba. Ku ji yadda ya tsara abinsa, don babanku ba wawa ba ne, wayonsa ne ma ya yi masa yawa. Sana'arsa ta yawo ce, yana bin shagunan teloli a kan babur da jakar kayan aiki. Da ya ga lokacin salla ya matso, sai ya tuna akwai keken da ke jiransa a wani wuri. In yana Babbar Kasuwa sai ya ce zai leƙa gida, in yana gida sai ya ce ana nemansa a kasuwa. Mutanen unguwa suka ɗauka a kasuwa yake salla, 'yan kasuwa suka ɗauka a unguwa yake yi. Da azumi ba a hura wuta a ɗakina da rana, a ɓoye muke shan ruwa kamar ɓarayi, ga shi ba mu yi azuminsu ba, ba mu yi namu ba. Ran Lahadi kuwa sai mu ce za mu gai da 'yan uwa. Mu naɗe Littafinmu Mai Tsarki a leda kamar tsire, mu zagaya ta wata hanya zuwa majami'a a wajen ganuwa. Sai an fara waƙa muke shiga, mu zauna a bencin bakin ƙofa, kafin a ce amin na ƙarshe mun fice.

Wannan duka na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya ku ne. Da aka haifi Maryam, Alheri na so a sa mata, sunan kakata. Ya ce a'a, suna mai fuska biyu za a sa, wanda ba zai tayar da tambaya ba. Da kowannenku ya isa shiga Islamiyya, makwabta suka fara cewa yaushe za a kai yaro, sai ya kwashe ku ɗaya bayan ɗaya ya kai ku ƙauye wurin kakanninku, wai makarantar can ta fi kyau. Na haife ku, wata ta yi muku kitso, wata ta san ranar da haƙoranku suka faɗi. In kun zo hutu, tun a tasha ake ja muku kunne kada ku yi waƙar majami'a a tsakar gida. Kun manta ne, ko kuna so ku manta? Ni ban manta ba. Na sha tare shi a ɗaki da maganar, muryata ƙasa-ƙasa don ko faɗan ma a ɓoye muke yin sa.

“Malam, wannan zaman na mene ne? Kunyar Yesu kake ji?”

Ya ce, “Allah ya san zuciyata.”

Na ce, “Allah ya sani. Alhaji fa, da kuke sa hannu a kwano ɗaya?”

Ya ce, “Ke dai ba ki san birni ba.”

Kullum nan zancen yake tsayawa. Alhaji Lawal kuwa ya ɗauki babanku kamar ƙanensa. Tare suke cin tuwon dare a zaure. In Alhaji zai tafi kasuwar ƙauye sayen hatsi, babanku yake bar wa gida. Matarsa, Hajiya Binta, ita ta karɓi haihuwar Iliya, autana, ita ta yi mini wankan jego, ita ta koya mini ɗanwaken da nake sayarwa har yau. Mutanen kirki ne, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai, don da mugaye muke ɓoye wa da sai in ce da dalili.

Ran da abin ya faru da bazara ne, rana ta take tun da hantsi. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin ɗanwake, sai na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, sai salati ya tashi. Ashe babanku ne ya sunkuya yana gyaran wani keken ɗinki a shagon teloli, ya dafe ƙirji, ya kife. Kafin su kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Teloli suka kawo shi gida suka shimfiɗe shi a zaure. Ban san lokacin da na zube ba. Da na dawo hayyacina, ina ɗakin Hajiya, mata sun cika ɗakin ana yi mini fifita, ana cewa in yi haƙuri. Kun san yadda ake yi a nan, ba a barin gawa ta jira. Kafin hawayena na farko ya bushe, Alhaji ya aika an yanko likkafani, an tura masu haƙa maƙabarta, an ɗauko makara daga masallaci, an ɗora ruwan wanka. Aka ce da an idar da azahar za a yi masa salla a kai shi. Ba wanda ya tambaye ni, don ba abin tambaya a ganinsu. Nasu ne ya rasu, suna yi masa abin da ake yi wa nasu.

Ina zaune ina jin ƙarar bokiti. Sai Hajiya Binta ta kama hannuna ta ja ni madafa, ta saki labule.

“Ladi, dube ni. Shekara nawa muna gida ɗaya, ban taɓa ganin kin ɗauki buta kin yi alwala ba. Na daɗe da sani.”

Na ce, “Hajiya, Alhaji ya sani?”

Ta ce, “Bai sani ba, kuma ba daga bakina za shi ji ba. Maganarku ce. Amma ruwan can ya kusa zafi, ɗiyata. In an sa mashi likkafani an gama.”

Ku da kuke cewa da na yi shiru, ku tsaya a madafar nan tare da ni ku duba abin da shirun zai saya. Dattawa za su jeru, su ɗaga hannu, su yi salla a kan mutumin da ba nasu ba, ni kuma ina ciki na sani. Wannan ba cin amanar mutanen da suka riƙe mu ba ne? Sannan in shiga takaba irin tasu, in karɓi gaisuwar uku da ta bakwai da ta arba'in ina amsa amin. Ku taso daga ƙauye ku zo ku ɗora daga inda ya tsaya. Kabarinsa ya zama wurin da ba za ku taɓa tsayawa ku kira sunan Yesu ba. Shi ya huta, ya bar mini ƙaryar gado, ni kuma in raba muku. Wallahi a lokacin ba baƙin cikin mutuwarsa nake ji ba, fushi nake yi da shi. Ya yi shekaru yana gudun minti ɗaya na magana, ya mutu ya bar wa mace ita, a rana mafi muni.

Na ja mayafina na fita. Na ratsa tsakar gida, mata suna kirana, na shiga zaure na wuce ta gefen gawarsa ban dube shi ba, na fito ƙofar gida. Mace mai sabon rashi ba ta fitowa nan, kun sani. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Mutanen unguwa suna gefe ɗaya da Liman da Alhaji, teloli da 'yan kasuwa suna ɗaya gefen. Kowa ya ɗago kai. Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunan babanku a gaban mutane ba, ranar na kira shi.

“Ku yi haƙuri, ku dakata da wankan nan. Haruna Kirista ne. Ni ma Kirista ce. Yesu muke bi, mu da 'ya'yanmu.”

Sai wani dattijo ya girgiza kai.

“Ashsha. Zafin rashi ne ya taɓa ta. Ku mai da ta ciki.”

Kun ji? Ba su yi fushi ba tukuna, ba su yarda ba ne. Babanku ya iya aikinsa har gaskiya ta fito daga bakin matarsa ta zama hauka. Na ce da hankalina, ban taɓa samun hankali irin na yau ba. Alhaji Lawal ya miƙe tsaye.

“Ladi, mi kike faɗi haka? Malam Haruna? Wanda muke buɗe-baki tare?”

Na ce, “Alhaji, ka tambaya. Wa ya taɓa tsayawa sahu ɗaya da shi?”

Alhaji ya kau da ido daga kaina. Ya juya wajen telolin.

“Ai a wajenku yake salla, a masallacin kasuwa.”

Babban telan, wanda a shagonsa aka faɗi, ya ce, “A'a, Alhaji. Mu cewa yake za shi gida. Mun ɗauka limaminku yake bi.”

Suka dubi juna. Tun zuwanmu birni, ranar ce ta farko da mutanen unguwa da mutanen kasuwa suka zauna a tabarma ɗaya saboda babanku, kuma tambaya ɗaya ta warware abin da ya yi shekaru yana saƙawa. Sai hayaniya ta tashi. Wani ya ce a dai yi masa salla, ai ya yi sallama, ya yi azumi, sunansa Haruna. Wani ya ce tir, ashe da arna muke kwana muke tashi. Na ji kalmar da kunnena, kuma na san wanda ya faɗe ta. Liman ne ya ɗaga hannu, Allah ya saka masa, mutum ne mai natsuwa.

“Mu da abin da ya bayyana muke aiki. Matarsa ta ba da shaida. A cikinmu akwai mai shaidar da ta ture tata?”

Ba a sami mai shaidar ba. Liman ya ce to a kira mutanensu. Sai ga wani abin kunyar: ba ni da lambar wayar kowa a majami'a, don babanku ya hana mu saba da kowa. Kwatancen majami'ar na yi, Alhaji ya aika aka ɗauko fastonta a babur. Mutumin Filato ne, ya iso yana zufa, yana waige-waige, da gani a tsorace yake. Aka shiga da shi zaure, aka buɗe masa fuskar babanku. Ya daɗe yana kallo. Ina tsaye a bakin zauren ina jira ya ce namu ne.

“Fuskar kam na santa. Yakan zauna can bakin ƙofa. Mama, yaya sunansa?”

Wayyo Allah! Da ƙasa ta tsage da na shige. Na ji wani a waje yana cewa, “Kun ji ko? Nasu ma ba su san shi ba.” Ga babanku kwance a tabarma, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana so kowa ya yarda da shi, masallaci ya janye hannu, majami'a tana tambayar sunansa. Aka yi azahar aka dawo yana nan. Ruwan wankan ya huce a bokiti. Ƙudaje suka fara taruwa, ni na zauna a kansa ina kore su da gefen mayafina. Wannan ne mutuncin da kuke cewa na zubar masa? Ba ni na kwantar da shi a zauren nan ba, shirunsa ne. Fasto ya ce shirya binnewa a maƙabartarsu zai ɗauki lokaci, sai ya tara dattawan ikilisiya, ga zafi. Na ce a bar shi, zan kai shi inda aka san sunansa.

Sai da la'asar ta kawo jiki na ga motar Alhaji ta ɗaukar hatsi ta ja baya zuwa ƙofar zaure, an share bayanta an shimfiɗa sabuwar tabarma. Ya zo da likkafanin a hannu ya ajiye a gabana. Idonsa ya yi ja.

“Don shi na sawo, ku naɗe shi da shi. Amma ki ji, Ladi. Da ya faɗa mani tun farko, wataƙila in ba shi ɗakin, wataƙila in hana shi, ban sani ba. Shi ne bai bar ni na sani ba. Na bar mashi gidana da iyalina, ashe ban san wanga mutum ba.”

Na ce, “Gaskiyarka ce, Alhaji.”

A ƙauye kuwa, da motar ta tsaya, tsofaffin da suka ga baftismarsa suka fito suna kiran sunansa da na ubansa. Washegari aka rufe shi da waƙa, kuna tsaye, kun gani da idonku. Wannan ɓangaren kaɗai kuka gani, shi ya sa kuke ganin abin da sauƙi.

Na biya kuɗin maganata, ba na musu. Da na koma birni, Alhaji ya aiko Hajiya ta ce in nemi wani wuri, ba zai iya wucewa ta ƙofar ɗakin nan kullum ba. Ban riƙe shi a zuci ba. Masu sayen ɗanwake suka ragu, wasu da muke gaisawa har da tambayar yara suka koma ɗaga hannu daga nesa. Na kama ɗaki ɗaya a wajen ganuwa, na sha wuya kafin ku gama makaranta, ku ma kun sha. Amma Lahadin farko na shiga majami'a tun ba a fara ba, na wuce bencin bakin ƙofa na je gaba na zauna, na faɗi sunana da ƙarfi. Na ɗinka zanen zumuntar matan majami'a, na bi titi da shi da rana tsaka. A ajinsu na koyi rubutun nan da nake yi muku faɗa da shi. Sabbin makwabtana Musulmi ne su ma, sun san ko ni wace ce tun ranar da na sauke kaya, suna aiko mini da naman layya, ina aika musu da shinkafar Kirsimeti, wanda ba ya ci ya ce ba ya ci, ba a yi faɗa ba. Ranar bikin Maryam, Hajiya Binta ta zo da tukwane har gida. Ba ta shiga majami'a ba, ban kuma ce ta shiga ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Watan jiya na kwana biyu a gidanka, Babangida, a sabuwar unguwar da aikin gwamnati ya kai ka. Na ga gicciyen da na ba ku ranar aure ya bar falo ya koma bayan ƙofar ɗakin kwana. Da safe na ɗauko waƙa ina shara, ka fito da sauri kana cewa, “Mama, a hankali, akwai makwabta.” Na zuba maka ido. Da yamma kana zaune a ƙofar gida da mutanen layinku, ladan ya kira magariba, sai na ga ka shafa aljihu ka ciro makullin mota, ka ce musu za ka leƙa wani wuri. Kai! Har yadda ka karkata kai irin nasa ne. Na koma ɗaki, ina tuna ranar da na tsaya a madafar Hajiya.

Ba ka san abin da na yi washegari bayan ka tafi ofis ba, to yanzu za ka sani. Na ɗaura zanen zumuntata, na shiga gidan da ke jikin naka, na gai da matar gidan, na gai da mai gidan, na ce ni ce uwar makwabcinku, mu Kirista ne, ga mu ga ku, Allah ya ba mu zaman lafiya. Mutumin ya ce amin, ya sa aka kawo mini ruwa. Abin da zai yi gobe ban sani ba, nasa ne, amma aƙalla ya san da wa yake gaisawa. Ka yi fushi in ka ga dama, na saba.

Na kira sunan ubanka sau ɗaya a gaban mutane, ranar da ba shi da bakin kiran kansa. Yau zan kira naka tun kana da baki. Yakubu, gida ɗaya na shiga, sauran layin naka ne. Ni na tsufa, ba zan kai ranar taka ba, kuma ba zan yafe maka ba in ka bar wa matarka ta zauna a zaure tana kore maka ƙudaje, ana tambayarta yaya sunanka.